Musanta Kisan Ƙare Dangi: Doka, 'Yancin Magana da Aikin Mai Hidima

Gabatarwa

A wasu ƙasashe mutum yakan shiga kurkuku saboda abin da ya faɗa a kan tarihi. Idan wani ya tashi a bainar jama'a a Jamus ya ce 'yan Nazi ba su hallaka Yahudawa ba, doka za ta hau kansa. Haka ma wanda ya ce a Ruwanda ba a yi wa 'yan Tutsi kisan ƙare dangi ba. A Amurka kuwa, irin wannan magana, duk da muninta, ba ta kai mutum kurkuku. Dukan ƙasashen nan suna cewa suna girmama 'yancin faɗin albarkacin baki. To, a ina suka rabu, kuma me ya raba su?

Tambayar ta shafi mai hidima kai tsaye. Aikinsa na magana ne, yana kuwa bukatar 'yancin yin wa'azi ko da wa'azin bai yi wa masu mulki daɗi ba. Shi ne kuma yake tsayawa a bakin kabari, yake zama da gwauraye da marayu, ya san yadda zuciya take ƙuna idan aka ce wa mai makoki ba a kashe kowa ba. A darasin nan za mu duba yadda dokokin suka samo asali, inda kotuna suka sa iyaka, da abin da Littafi Mai Tsarki yake koya mana. Abin da muke so ɗalibi ya riƙe shi ne, doka tana iya tsawata wa maƙaryaci, amma riƙon gaskiya game da waɗanda aka kashe nawaya ce a wuyan ikilisiya, ko da doka ko babu, kuma nawayar tana farawa daga laifin da ya shafi namu.

1. Mene ne kisan ƙare dangi?

Sunan da dokar duniya ta ba wannan laifi bai daɗe ba. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Poland, Raphael Lemkin, shi ya ƙirƙiro shi a 1944, a daidai lokacin da ake hallaka danginsa a Turai. Ya yi ta fafutuka har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi da hukunta masu yinsa a ranar 9 ga Disamba 1948. Yarjejeniyar ta fara aiki a 1951, Najeriya kuma ta shiga cikinta a 2009.

Yarjejeniyar ta lissafa ayyuka biyar: kashe 'yan wata al'umma, yi musu mummunan lahani a jiki ko a hankali, jefa su da gangan cikin halin rayuwa da zai hallaka su, hana haihuwa a cikinsu, da ƙwace 'ya'yansu a mai da su 'yan wata al'umma. Amma aikin kaɗai bai isa ba. Sai an tabbatar da niyya, wato an yi shi ne domin a shafe wata al'umma ta ƙasa, ta ƙabila, ta launin fata ko ta addini, dukanta ko wani sashe nata. Niyyar nan ce ta bambanta kisan ƙare dangi da sauran manyan laifuffuka kamar laifin yaƙi da laifin cin zarafin bil'adama, waɗanda su ma munanan laifuffuka ne.

A lura da abu ɗaya. Yarjejeniyar 1948 ta ce a hukunta wanda ya tunzura jama'a a fili su yi kisan ƙare dangi. Ba ta ce kome a kan wanda ya musanta shi bayan an yi ba. Dokokin musantawa daga baya suka zo, kowace ƙasa kuma ta yi tata bisa ga tarihinta.

2. Me ake nufi da musantawa?

Masanin nan Gregory Stanton, wanda ya tsara matakan da kisan ƙare dangi yake bi, ya sa musantawa a matsayin mataki na ƙarshe. Masu kisa sukan tone kaburbura su ɓoye gawawwaki, su ƙone takardu, su tsorata shaidu. A Srebrenica ta ƙasar Bosniya, inda aka kashe Musulmi maza da samari fiye da 8,000 a Yuli 1995, an yi amfani da manyan motocin haƙa aka kwashe gawawwakin zuwa wasu ramuka domin a ɓatar da sawu.

Musantawa takan zo ta fuskoki da yawa. Wani ya ce sam ba a yi ba. Wani ya yarda an yi, amma ya rage adadin har ya zama ba a bakin kome ba. Wani ya ɗora laifin a kan waɗanda aka kashe, ya ce su suka jawo wa kansu. Wani ya ce yaƙi ne kawai, kowa ya kashe kowa. Wani kuma ya yaba abin da aka yi.

Wajibi ne mu raba wannan da binciken masana. Shekaru da yawa allon tunawa a sansanin Auschwitz yana ɗauke da adadin mutum miliyan 4. Binciken wani masanin tarihi na gidan tarihin wurin, Franciszek Piper, ya nuna cewa waɗanda suka mutu a can kimanin miliyan 1.1 ne, mafi yawansu Yahudawa, aka kuwa gyara. Wannan gyara bai taɓa jimillar Yahudawa kusan miliyan 6 da aka hallaka a Turai ba, domin ba a kan wancan allo aka gina lissafin ba. Mai bincike yana bin hujja duk inda ta kai shi. Mai musantawa ya riga ya yanke abin da yake so, sai ya tsinci abin da zai taimake shi ya watsar da sauran.

3. Ƙasashen da suka haramta, da dalilansu

Faransa ta yi tata dokar a 1990, ana kiranta Dokar Gayssot. Ta haramta musanta laifuffukan da kotun Nuremberg ta tabbatar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukuncin kuwa ya kai ɗaurin shekara 1 da tara. Ostiriya ta ƙara irin wannan sashe a dokarta ta hana aƙidar Nazi a 1992. Jamus ta sa nata a sashe na 130 na kundin laifuffuka a 1994, da ɗaurin da zai iya kai shekara 5, idan an yi maganar a fili ta hanyar da za ta iya dagula zaman lafiya. A shekarar ce kuma kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke cewa kundin tsarin mulki yana kāre ra'ayi, amma ba ya kāre maganar da aka tabbatar ƙarya ce. Beljiyam ta bi sahu a 1995. A 2008 Tarayyar Turai ta bukaci ƙasashenta su hukunta musantawar da za ta iya tayar da ƙiyayya ko tarzoma. A Bosniya an ƙaƙaba irin wannan doka a Yuli 2021.

Rigar limanci ba ta kāre kowa daga dokokin nan. Wani bishop ɗan Ingila, Richard Williamson, na wata ƙungiyar Katolika da ke da saɓani da Fadar Fafaroma, ya musanta ɗakunan iskar guba a wata hira da aka ɗauka a Jamus a ƙarshen 2008. Kotun Jamus ta ci shi tara, kotun kāre haƙƙin ɗan Adam ta Turai kuma ta ƙi karɓar ƙorafinsa a 2019.

Masu goyon bayan dokokin suna kawo dalilai uku. Na fari, mutunci: wanda ya ce ba a yi ba, yana cewa ne wanda ya tsira maƙaryaci ne, ya ƙirƙiro mutuwar iyayensa domin neman riba. Na biyu, rigakafi: inda aka wanke masu kisan jiya, an share wa masu kisan gobe hanya. Na uku, manufa: mafi yawan masu musanta kisan Yahudawa so suke su tsarkake aƙidar Nazi su farfaɗo da ƙin Yahudawa, tarihin kuwa mayafi ne kawai.

4. Inda kotuna suka sa iyaka

'Yancin faɗin albarkacin baki yana cikin sashe na 19 na yarjejeniyar duniya ta 1966 a kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa. Sashen ya yarda a taƙaita shi, amma da sharuɗɗa: doka ta bayyana taƙaitawar, ta zama dole, kuma domin kāre haƙƙin wasu ko tsaron ƙasa ko zaman lafiyar jama'a. Sashe na 20 ya wajabta wa ƙasashe su hana yaɗa ƙiyayyar ƙabila ko addini da ta kai ga tunzura mutane. Gardamar duka tana tsakanin waɗannan sassa biyu.

A 1996 kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba ƙarar Robert Faurisson, wanda aka hukunta a ƙarƙashin Dokar Gayssot, ya ce Faransa ba ta zalunce shi ba, domin kalamansa suna ƙarfafa ƙin Yahudawa. Amma a 2011 kwamitin ya fitar da bayani cewa dokokin da ke hukunta ra'ayi a kan abubuwan tarihi ba su dace da yarjejeniyar ba. Idan aka haɗa biyun, ma'anar ita ce, abin da ake hukuntawa shi ne tunzura ƙiyayya, kuskure a kan tarihi shi kaɗai bai isa ɗauri ba.

Batun Armeniyawa ya ƙara fito da iyakar. Daga 1915 gwamnatin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kore su daga garuruwansu, aka kashe wasu, wasu suka mutu a hamada. Ƙiyasin masana ya kama daga 600,000 zuwa miliyan 1.5. Mafi yawan masana tarihi suna kiransa kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuwa ba ta yarda da sunan ba. Faransa ta amince da shi a dokar 2001, amma da majalisa ta so a hukunta masu musantawa a 2012, majalisar tsarin mulki ta soke dokar. Hujjarta ita ce, bai dace 'yan majalisa su sa wa wani abu suna da kansu, sa'an nan su ɗaure wanda ya yi musu gardama ba. A 2016 wannan majalisa ta tabbatar da Dokar Gayssot, domin ita a kan hukuncin kotu ta dogara.

Wani ɗan siyasar Turkiyya, Dogu Perincek, ya je Suwizalan a 2005 ya ce batun kisan ƙare dangin Armeniyawa ƙarya ce ta ƙasashen duniya. Kotun Suwizalan ta same shi da laifi a 2007. A ranar 15 ga Oktoba 2015 babban zauren kotun Turai, da alƙalai 10 a kan 7, ya ce an tauye masa 'yanci. Kotun ta bayyana cewa ba aikinta ba ne ta yanke ko abin da ya faru kisan ƙare dangi ne. Abin da ta auna shi ne, bai yi kira ga ƙiyayya ba, an yi kusan shekara 90 da faruwar abin, Suwizalan kuma ba ta cikin zaman ɗar-ɗar a kan batun. Wato wuri, lokaci da manufa duk suna da nauyi a ma'auni.

Amurka ta bi wata hanya dabam. Tun hukuncin kotun ƙolinta na 1969, ba a hukunta mai magana sai in yana nufin tayar da ɓarna nan take, kuma akwai alamar ɓarnar za ta auku. Masu wannan ra'ayi suna cewa maganin ƙarya shi ne a tone ta a fili. Sukan ba da misalin David Irving, marubuci ɗan Ingila, wanda ya kai ƙarar malama Deborah Lipstadt a Landan don ta kira shi mai musanta kisan Yahudawa. Masana suka bi littattafansa shafi shafi, a shekara ta 2000 alƙali ya yanke cewa da gangan ya murɗe hujjoji. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da Ostiriya ta yanke masa ɗaurin shekara 3 a 2006, ita Lipstadt ɗin ta ce ba ta goyon bayan ɗaure mutum saboda magana.

5. Ruwanda: inda dalilin ya fi ƙarfi, haɗarin kuma ya fi bayyana

Daga Afrilu zuwa Yuli 1994, cikin kwana kamar 100, an kashe mutum kimanin 800,000 a Ruwanda bisa ga ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mafi yawansu 'yan Tutsi, tare da 'yan Hutu da suka ƙi goyon bayan kisan. Gwamnatin ƙasar tana cewa sun haura miliyan 1. Magana ce ta share fage. Gidan rediyon RTLM da jaridar Kangura sun yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, rediyon har yana ambaton sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. A 2003 kotun duniya da ke Arusha ta sami shugabannin waɗannan kafofi da laifi. A 2006 kuma ta yanke cewa aukuwar kisan ƙare dangin sanannen abu ne da ba ya bukatar a sake kawo hujja a kansa.

A ƙasar da mai kisa da wanda ya tsira suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, ba wuya a gane dalilin hana musantawa. Amma dokar 2008 a kan aƙidar kisan ƙare dangi, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 25, ta zo da kalmomi masu faɗi har mutum bai san inda laifi ya fara ba. Ƙungiyoyin kāre haƙƙin ɗan Adam sun yi ƙorafi, aka gyara ta a 2013, aka sake sabuwa a 2018.

Shari'ar Victoire Ingabire ta nuna matsalar. 'Yar adawa ce da ta koma gida a Janairu 2010. A wurin tunawa da ke Kigali ta ce ya kamata a tuna da 'yan Hutu da aka kashe su ma, a hukunta waɗanda suka kashe su. A 2012 aka yanke mata ɗaurin shekara 8 bisa laifin haɗa baki a kan gwamnati da raina kisan ƙare dangi, kotun ƙoli ta mai da shi 15 a 2013. A Nuwamba 2017 kotun haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta yanke cewa Ruwanda ta tauye mata 'yancin magana. An sake ta a 2018 bisa afuwar shugaban ƙasa. Ambaton wasu matattu ba musanta waɗancan ba ne, dokar da ta kasa bambanta biyun kuwa za ta rufe bakin masu makoki.

Akwai ma inda doka take kāre ɓoyon kansa. A Turkiyya an gurfanar da marubuci Orhan Pamuk a 2005 saboda ya ambaci kisan Armeniyawa. An kuma sami ɗan jarida Ba'armeniye Hrant Dink da laifin cin mutuncin Turkanci a wannan shekara, wani matashi ya harbe shi a Istanbul a Janairu 2007. Poland ta yi doka a 2018 da ta tanadi ɗauri ga wanda ya jingina laifuffukan Nazi ga al'ummar Poland, matsin lamba ya sa aka janye hukuncin ɗaurin cikin 'yan watanni. Ikon da aka ba gwamnati a kan tarihi wuƙa ce, wanda ya riƙe ƙotar shi yake zaɓen abin da za ta yanka.

Daga waɗannan misalai za mu iya fitar da tambayoyi huɗu na auna kowace doka irin wannan. Wa ya tabbatar da abin da aka hana musantawa, kotu mai zaman kanta ko 'yan siyasa? Kalmomin dokar a bayyane suke, har talaka ya san abin da aka hana? Tunzura ƙiyayya take hukuntawa, ko kowace tambaya? Masu rauni take kārewa, ko masu mulki?

6. Abin da Littafi Mai Tsarki yake koyarwa

Kisan farko a tarihin ɗan Adam ya zo tare da musun farko. A Farawa 4, da Allah ya tambayi Kayinu inda ɗan'uwansa yake, sai ya ce bai sani ba. Allah ya nuna masa cewa jinin Habila yana kuka gare shi daga ƙasa. Babu shaida ko ɗaya daga cikin mutane, duk da haka maganar ba ta binnu ba. A lura kuma, Allah ya hukunta Kayinu, ya kuma sa masa alama domin kada wani ya kashe shi. Gaskiya ta fito, amma ba a ba kowa izinin ramuwa ba.

Shari'ar Musa ba ta yarda a kau da kai daga jinin da aka zubar ba. Kubawar Shari'a 21:1-9 ta umarci dattawan garin da ya fi kusa da gawar da aka tsinta a jeji su ɗauki nauyin al'amarin a gaban Allah, ko da ba a san mai kisan ba. A 2 Sama'ila 21 yunwa ta kama ƙasa shekara 3 a zamanin Dawuda saboda yunƙurin Saul na shafe Gibeyonawa, laifin da ba wanda ya ɗauka sai da aka nemi fuskar Ubangiji. Yadda aka warware matsalar a can ba abin koyi ba ne ga ikilisiya, gama Kubawar Shari'a 24:16 da Ezekiyel 18 sun hana a kashe ɗa saboda laifin ubansa. Darasin shi ne, Allah ya tuna da waɗanda ba Isra'ilawa ba, a lokacin da Isra'ila ta manta.

Doka ta tara, a Fitowa 20:16, ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Kubawar Shari'a 19:15-21 ta bukaci shaidu biyu ko uku, alƙalai su bincika sosai, a kuma hukunta mai shaidar ƙarya. Wannan doka kaifi biyu gare ta. Ta kama wanda ya rage adadin matattu, ta kuma kama wanda ya ƙara, da wanda ya ɗora wa ƙabila duka laifin mutum goma.

Game da hukuma, Romawa 13 ta nuna an ba ta iko ta hukunta mai mugunta. Magana kuwa tana iya zama mugunta. A Esta 3, ƙarar da Haman ya kai wa sarki a kan Yahudawa ita ta haifi dokar hallaka su. Saboda haka Kirista ba zai ce babu maganar da hukuma za ta hana ba. Amma Nassi ya nuna ɗaya gefen. Sarki Yehoyakim ya yayyanka littafin Irmiya ya jefa a wuta (Irmiya 36). Ahab ya kulle annabi Mikaiya don bai faɗi abin da yake so ya ji ba (1 Sarakuna 22). Da sunan doka da shaidu aka kashe Nabot (1 Sarakuna 21). Majalisa ta hana Bitrus da Yahaya magana, suka ƙi yin shiru a kan abin da suka gani suka kuma ji (Ayyukan Manzanni 4). Jama'ar da tarihinta ya cika da annabawan da aka kulle ba za ta yi saurin miƙa wa sarki mabuɗin bakin mutane ba.

7. Tarihin ikilisiya kanta

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Oktoba 1945 shugabannin ikilisiyar Furotesta ta Jamus suka furta laifinsu a Stuttgart, amma furucin bai ambaci Yahudawa da suna ba. A Ruwanda, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne, dubbai sun gudu zuwa majami'u aka kashe su a ciki, kamar a Nyamata, Ntarama da Nyarubuye. Kotun Arusha ta ɗaure Fasto Elizaphan Ntakirutimana na ikilisiyar Adbantis shekara 10 a 2003. Ta kuma sami Fada Athanase Seromba da laifi a kan rushe majami'ar Nyange a kan mutanen da suka fake a ciki, aka mai da hukuncinsa ɗaurin rai da rai a 2008. Akwai masu bi da limamai da suka ɓoye mutane, wasu suka mutu tare da su. Duk da haka sai a Nuwamba 2016 bishop bishop na Katolika a Ruwanda suka nemi gafara a hukumance, Fafaroma Francis kuma ya yi haka a Maris 2017.

Jarabar da ta fi kusa da ikilisiya ita ce yin shiru domin kāre sunanta. Babu dokar da take hukunta irin wannan shiru, amma wanda ya tsira yana jin sa kamar musu.

8. Mai hidima a Najeriya

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, zaman lafiya da haƙƙin wasu. A 2019 an gabatar da ƙudurin hana kalaman ƙiyayya a majalisar dattawa, wanda ya tanadi hukuncin rataya idan kalaman sun jawo mutuwa. Jama'a suka yi ca a kansa, bai zama doka ba. Matsalarmu ta fi karkata ga rashin tabbatar da abin da ya faru. Kashe-kashen 1966 da na Asaba a Oktoba 1967 suna cikin abubuwan da aka kai gaban kwamitin Mai Shari'a Oputa da aka kafa a 1999. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Inda hukuma ba ta rubuta gaskiya ba, kowace al'umma takan riƙe nata lissafi, ta ƙaryata na maƙwabciyarta.

Ga abubuwa biyar da ke hannun mai hidima.

Na ɗaya, ya rubuta. Idan an kai hari, a ajiye sunayen waɗanda suka mutu, shekarunsu, rana da wuri, da bakin shaidu, a littafin ikilisiya. Suna yana da wuyar musantawa fiye da ƙiyasi.

Na biyu, ya tantance kafin ya faɗa. Hoto ko adadin da ya shigo ta WhatsApp ko Facebook kada ya hau bagade sai an tabbatar. Ƙarya guda da aka kama a bakin fasto za ta zama makamin masu ƙaryata sauran gaskiyar.

Na uku, ya yi hattara da kalmar kisan ƙare dangi. Tana da ma'ana a doka, tana bukatar hujjar niyya. Inda hujjar take, kada tsoro ya hana shi faɗa. Inda babu, kisan gilla ya isa suna mai nauyi, ba ya kuma rage darajar wanda aka kashe.

Na huɗu, ya ambaci matattun wasu. Kirista da Musulmi, manoma da makiyaya, duk sun binne nasu a ƙasar nan. Idan matasan da suka fito daga ikilisiyarmu sun zub da jinin marar laifi, a bagadenmu ya kamata a fara jin tsawatawar.

Na biyar, ya kāre 'yancin magana har ga wanda bai yarda da shi ba, ya kuma tsaya tsayin daka a kan mai tunzura kisa ko da ɗan ɗarikarsa ne. Dokar da ta rufe bakin abokin gardamarmu yau, gobe tana iya rufe bakin mai wa'azi.

Tambayoyi don nazari

1. Bayyana bambanci tsakanin musantawa da binciken tarihi, ka ba da misali ɗaya na kowanne.

2. Me ya sa majalisar tsarin mulkin Faransa ta soke dokar 2012 amma ta tabbatar da ta 1990?

3. Auna dokar Ruwanda ta 2008 da tambayoyi huɗu da ke ƙarshen sashe na 5.

4. Karanta Farawa 4:8-16 da Irmiya 36. Me kowanne yake koya wa ikilisiya game da gaskiya da iko?

5. Shin ikilisiyarka tana da rubutaccen tarihin membobinta da suka mutu a rikici? Wane ne a maƙwabtanku yake da nasa matattun da ba ku taɓa ambata cikin addu'a ba?